Murfin lagireto da ruwan kulan: abin da ke hana mota tafasa a zafin Sakkwato

A bazarar bara na shiga sahun mutanen da nake gani a gefen titi, bonet a ɗage, galan a hannu. Na taso daga Sakkwato bayan azahar zan je Illela ta'aziyya, na wuce Kware lafiya, ban kai Gwadabawa ba sai allurar zafi ta bar tsakiya inda ta saba zama, ta doshi jan layi. Na gangara na kashe mota. Kashewar ke da wuya na ji ana ɓararraka a ƙarƙashin bonet kamar tukunyar wake, ruwa na tsiyaya ƙasa, turiri na tashi. Sai da na ci kusan awa biyu a wurin, na ɗura mata fiya wata ban san ko leda nawa ba, sannan na lallaɓa na juyo gida.

Washegari na je gareji da shirin sayen sabon lagireto. Bakaniken bai ma sunkuya ba. Ya murɗe murfin lagireton, ya juya shi, ya nuna mini robar da ke ƙasansa, ta tsage kamar kaushin ƙafa a hunturu. Ya danna tsakiyarsa da babban yatsa, sifirin ɗin ya lotsa ba gardama. Ya ce, "Alhaji, lagiretonka lahiya lau shike. Marhin ga na yam mutu." Kuɗin murfin bai kai na man da na ƙona a tafiyar ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni a da ban ɗauki wannan murfi a bakin komai ba, ina ganin aikinsa kawai ya hana ruwa zuba, kamar murfin jarka.

Kafin a gane aikinsa sai an fara gane wahalar da inji yake ciki. Man da mota ke sha ba dukansa ne ke juya taya ba. A ƙiyasi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama tafiya, wani kason ya fita ta salansa, ragowar kuma ya zauna a jikin ƙarfen inji a matsayin zafi, kuma dole a kwashe shi ko inji ya lalace. Ruwa ne ke wannan dako. Famfon ruwa yana tura shi ta ramukan da aka bari a jikin inji da kansa, ya kwaso zafi, ya bi babban tiyo na sama ya shiga lagireto, ya ratsa siraran bututu, iska ta hura masa, ya dawo ta tiyon ƙasa. Haka yake zagaye muddin inji na aiki. Shi kuma inji ba sanyi yake so ba. An ƙera shi ya yi aiki ruwansa na tsakanin digiri 85 zuwa 100 da ɗan wani abu. Wato kullum yana zaune ne a bakin tafasa.

Muna makaranta aka ce mana ruwa na tafasa a digiri 100, aka manta a ƙara mana cewa wannan a bakin teku ne, kuma a buɗaɗɗiyar tukunya. Tafasa kokawa ce tsakanin ruwan da ke son ya zama turiri da matsin da ke danne shi. Idan matsin ya ragu, ruwa ya tafasa da wuri. Shi ya sa a Jos, da ke kan tudu sama da mita 1,200, ruwa ke tafasa a wajen digiri 96. Mu a Sakkwato muna wajen mita 300 ne, namu na tafasa a kusan 99. Idan kuma aka ƙara matsi, sai ruwan ya jure zafi fiye da haka bai tafasa ba. Wannan shi ne sirrin murfin lagireto gaba ɗaya.

Ruwa idan ya ɗumama yana kumbura, kusan kashi 4 cikin 100 tsakanin sanyin safiya da tafasa. Tunda murfin ya toshe hanya da robarsa, kuma sifirin na danne da robar, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai matsi ya taru a ciki. Ka duba saman murfin motarka za ka ga an buga lamba, galibi 0.9 ko 1.1 a motocin Japan, wani lokaci a rubuta 88 ko 108 da haruffan kPa, duk abu ɗaya ne. Lambar na faɗin iyakar matsin da murfin zai riƙe kafin ya buɗe. Mai 1.1 yana riƙe kusan rabin iskar da mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota. A irin wannan matsi, ruwa zalla ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 122. Mai 0.9 kuma wajen 119. Ka ga ɗan ƙarfen nan da bai cika tafin hannu ba ya sai maka rarar digiri 20. Ranar da robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, rarar ta tafi, ruwanka ya koma na buɗaɗɗiyar tukunya, a injin da dama aikinsa ke kai shi kusa da 100.

A nan ne zafin garinmu ke shigowa, kuma nan ne nake ganin ba a cika lura ba. Lagireto ba firji ba ne. Ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi kawai yake miƙa wa iska, kuma yawan abin da zai iya miƙawa ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar. Motar da ke tafiya a ƙasar da iska ke digiri 20, ruwanta na 95, tana da tazarar 75. Ita wannan motar idan aka shigo da ita ta Kwatano ta iso Sakkwato a watan Afrilu ko Mayu, inda rana ke haura 40 har ta taɓa 45, tazararta ta koma 50. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin lagireton ya tafi tun ba a ɗora mata kaya ba. Ƙara da cewa iskar da ke saman kwalta ta fi wadda ake faɗa a rediyo zafi. Ƙara da na'urar sanyaya mota, wadda nata lagireton ke zaune a gaban na inji, yana gasa iskar kafin ta iso. Ƙara da ƙurar hunturu da ta toshe ƙofofin da iska ke bi. To inji ba shi da wata dabara sai ruwansa ya ƙara zafi, ya hau 105 ko 110, domin tazarar ta buɗe, zafi ya samu fita. Motar da murfinta ke da rai za ta yi wannan hawan ta sauko ba ka ma sani ba. Wadda murfinta ya mutu, a nan za ta tafasa.

Kuma tafasar ba ta farawa a inda allura ke aunawa. Allura na faɗin zafin ruwa ne a wuri guda. A cikin kan inji, kusa da inda wutar ke ci da inda hayaƙi ke fita, ƙarfen ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Idan matsi ya yi ƙasa, ruwan da ke taɓa wurin sai ya zama turiri ya lulluɓe ƙarfen. Turiri kuwa ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa, sai ya zama kamar bargo, wurin ya ƙara ƙuna, ƙarin ruwa ya tafasa. Shi ma famfon ruwa an yi shi ne don tura ruwa, idan ya haɗu da kumfa sai ya riƙa juyawa a banza, har kumfar ta cinye fukafukansa a hankali. Daga nan sai kan inji, wanda a yawancin motocin yau na alminiyam ne, ya lanƙwashe, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Aikin da ya fara da roba mai tsaguwa ya ƙare da sauke kan inji.

Ɓararrakar da na ji bayan na kashe mota ma tana da bayani. Da ka kashe inji famfon ruwa ya tsaya, amma ƙarfen na nan da zafinsa, sai ya juye shi cikin ruwan da ke tsaye. Saboda haka ruwan inji ya fi zafi a 'yan mintocin da ke bayan kashewa fiye da lokacin da ake tafiya. Idan motarka ba ta zubar da ruwa a hanya, amma duk ka faka a ƙofar masallaci ko kasuwa ka dawo ka tarar da jiƙa a ƙarƙashin robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto, fara da tuhumar murfi.

Murfin na da ƙofa ta biyu da mutane da yawa ba su san da ita ba. Ka juya shi, a tsakiyar robar akwai wani ɗan faifan ƙarfe kamar kwabo. Lokacin da matsi ya wuce lambar murfi, babbar ƙofa na buɗewa ta tura rarar ruwa ta siririn tiyo zuwa robar ajiya da ke gefe. Idan inji ya huce ruwan ya tsuke, sai ɗan faifan nan ya buɗe, lagireto ya tsotso ruwansa ya dawo. Shi ya sa ruwan robar ke hawa da zafi ya sauka da sanyi, kuma shi ya sa aka yi mata layi biyu, ba a cika ta har baki. Idan faifan ya maƙale, za ka tashi da safe ka ga babban tiyo ya shafe kamar an taka shi. Idan kuma robar saman murfi ko siririn tiyon na shan iska, lagireto zai tsotsi iska maimakon ruwa. Sai ka riƙa ganin robar ajiya cike kana jin daɗi, alhali lagireto na raguwa kullum. Wasu motocin Turai ba su da murfi a kan lagireto sam, murfin matsin na kan robar ce, kuma nasu kan kai 1.4. Ka'idar dai ɗaya ce.

Akwai masu jin wannan bayani su ce to a sa mai babbar lamba mana. Na sha ganin an ɗauko murfin 1.3 an ɗora wa motar 0.9 da sunan maganin zafi. Murfi ba ya sanyaya inji ko da digiri ɗaya, tafasa kawai yake jinkirtawa. Idan lagireto ya toshe ko fanka ba ta tashi, babban murfi zai ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci, kuma matsin da ya ƙaru zai nemi wuri mafi rauni. A tsohuwar mota wurin ba ya wuyar samu: kan lagireto na roba da rana ta gasa shekara da shekaru, ko tiyon da ya yi laushi. Lambar da kamfani ya sa ita ce wadda sauran kayan za su iya ɗauka. Wani abin takaicin kuma, kasuwa cike take da murafen da aka buga musu 1.1 amma sifirin ɗinsu ko yaro zai lotsa shi. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake gwada murfi da shi, aikin minti ɗaya ne, sai dai ba kowane gareji ke ajiye shi ba.

Sai batun abin da ake zubawa, ruwa zalla ko kulan, wato ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan domin lagireto. A nan gardamar ta fi zafi, domin kowane direba na da hujjarsa. Mai cewa kulan na ƙasar sanyi ne yana da ɗan gaskiya. Sinadarin da ke cikinsa, etilin gilaikol, asalin aikinsa hana ruwa daskarewa ne. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya ƙanƙara sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, abin da ba ruwan Basakkwace da shi. Yana ɗaga matakin tafasa, amma ba da yawa ba: rabi da rabi na tafasa a wajen 107 a buɗe, da murfi mai kyau kuma ya kusa 129. Ka kwatanta, kulan ya ba ka digiri 7 ko 8, murfi ya ba ka 20. Wanda ya sayi kulan mai tsada ya rufe shi da mataccen murfi ya yi aikin baban giwa.

Har ma akwai inda ruwa ya fi kulan. A wajen ɗaukar zafi, ruwa zalla ya fi haɗin rabi da rabi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma ya fi gilaikol tsantsa nesa. Don haka mai ɗura kulan mai kauri ba sirki, yana ganin ya yi wa motarsa gata, zafi ya ƙara mata. Sai a duba jikin galan, wani an riga an sirka shi a zuba kawai, wani kuma sai an haɗa da ruwa. A garin da ba a ƙanƙara, kulan kashi ɗaya ruwa kashi biyu na iya wadatarwa, amma kada a yi ƙasa da haka, kuma in littafin mota ya ce rabi da rabi to a bi shi.

To in haka ne me ya sa za a sayi kulan? Saboda abin da ba a gani a rana ɗaya. Cikin inji akwai baƙin ƙarfe, akwai alminiyam, a tsofaffin motoci har da tagulla da dalma, dukansu jiƙe a ruwan zafi guda. Ruwa zalla na cin su, kuma haɗuwar ƙarafa daban-daban a ruwa ɗaya na ƙara saurin cin. Kulan na ɗauke da magungunan da ke shafe jikin ƙarfe su hana tsatsa. Ka buɗe lagireton motar da ta shekara uku tana shan ruwan famfo, abin da za ka gani ja ne kamar ruwan gulbin Rima a tsakiyar damina. Wannan jan jikin injin ne ke narkewa, kuma tsatsar ce ke zuwa ta toshe bututun lagireto, ta cinye famfon ruwa, ta ɓata bakin da robar murfi ke zama a kai.

Ruwanmu kuma na da nasa halin. Ƙasar nan tana da dutsen farar ƙasa, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa na ɗauke da gishirin ƙasa. Leƙa cikin butar mai shayi da ta daɗe a wuta ka ga farin ɓawon da ya kama gindinta. Irinsa ne ke kama cikin inji da bututun lagireto, waɗanda faɗinsu bai wuce a zura tsinke ba. Ɓawon na rage hanyar ruwa, kuma yana tsayawa tsakanin ƙarfe da ruwa ya hana zafi wucewa. Ga yadda abin ke cin kansa: mataccen murfi na zubar da ruwa, direba na ƙara na rijiya kowace safiya, kowane ƙari na kawo sabon gishiri, ruwan ya tafi gishirin ya zauna. Bayan wata shida lagireton ya toshe da gaske, sai a ce ai dama shi ne matsalar. Ruwan da ya dace a sirka kulan da shi shi ne tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, amma a kula, tataccen ake nufi, ba mai asid ba, domin duka biyun ruwan batir ake ce musu a kasuwa.

Launi ba shaida ba ne. Kore, ja, ruwan hoda, shuɗi, duk rini ne kamfani ke sawa, kuma mai algus ma ya iya rini. Abin dubawa shi ne nau'in da motar ke buƙata. Tsohon nau'i maganinsa na ƙarewa a wajen shekara biyu, sababbin kan kai biyar, kuma gauraya nau'i biyu na iya rage ƙarfin maganin ko ya haifar da dagwalo a ciki. Wani abu da ya kamata kowane mai gida ya sani: etilin gilaikol guba ne mai kashe ƙoda, ga shi da zaƙi, ga launi kamar lemon kwalba. Kada a zuba ragowarsa a gorar lemo a ajiye inda yara ke kaiwa, kada kuma a tsiyaye tsohonsa a tsakar gida inda akuya da kaji ke sha.

Da na koma karɓar motar, yaron garejin ya ce, "Oga, a cire mata tamostat mana, a yi wa fanka dairek, a huta." Dairek wato a haɗa fanka ta riƙa juyawa muddin inji na aiki. Wannan ita ce fatawar da kusan kowace mota ta Kwatano ke samu a makonta na farko. Ina gane dalilinsu, tamostat kan maƙale a rufe ya dafa inji, kuma an sha ganin haka. Amma maganin wanda ya maƙale sabo ne. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya a zafin Mayu, ba shi ke hana mota sanyi ba. Cire shi kuma na da farashi: da asubar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da ba shi mai da yawa, ga tsadar mai. A wasu injina ma tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe babbar, to in babu shi wani kason ruwan sai ya riƙa zagaye a cikin inji bai leƙa lagireto ba. Na ce a bar mini nawa.

Ba kowace zubar ruwa ba ce laifin murfi. Idan gasket ya riga ya ƙone, hayaƙin cikin silinda na kutsawa hanyar ruwa da ƙarfin da babu murfin da zai riƙe shi. Alamarsa, ka tada mota da sanyin safiya ka ga tiyo ya yi tauri nan take, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, ko farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara. A wannan hali ko murfi goma ka canza ruwa zai ci gaba da gudu.

Shi wannan yaron na garejin yana da tabo daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, fatar wurin ta yi fari. Ya ce mini wata motar haya ce ta shigo da zafinta, direba na sauri, ya sa tsumma ya murɗe murfin. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 110, matsi ne kaɗai ke riƙe da shi. Da murfin ya saki, sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, kuma ruwa idan ya zama turiri yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na girmansa, ga ƙofa ɗaya tak, inda hannunsa yake. Yanzu kafin ya taɓa kowane murfi sai ya fara matsa tiyon sama da tsumma. In ya ji shi da tauri kamar tayar keke, ya ce wa mai mota ya nemi benci ya zauna.